Mu a Wadata Sai Mun Ga Fuskar Mai Waƙa

Mu ƴan Wadata muna da wata ɗabi'a, kowa ya santa ko bai faɗa ba: in murya ta yi mana daɗi, hankalinmu ba ya kwanciya sai mun ga mai ita. Waƙa za ta taso daga Kano ko Kaduna, kafin Juma'a ta zagayo ta cika tasha, ta ratsa kasuwa, ta sauka layin teloli, har yaran da ke tura baro sun riƙe amshinta. Daga nan sai tambayoyi. Wai wane ne wannan yaro? Dogo ne ko gajere? Ɗan wane gari ne? Ya yi aure? Ranar da aka ce ga shi nan ya fito a fim, mu ne kan gaba a rumfar mai tura fim a salula, mu ne kuma kan gaba wajen yi masa dariya.

Dariyar ba ta ƙeta ba ce, abin ne da ban dariya. Duk mai zaman fada bayan isha'i ya san yadda ake yi: shayi na kan gawayi, an jingina salula ɗaya da gwangwanin sukari, kawuna sun haɗu a kanta. Wanda muka kalla kwanan baya a ƙofar shagon telan layinmu, wani mawaƙi ne da ba zan kama sunansa ba, an sa shi ya fito a maraya, talaka tilis, kawunsa ya cinye masa gado ya kore shi. To ga maraya ya fito daga gidan kawu da ƙunshin kayansa a leda, ana kiɗan ban tausayi. Tela ya sa yatsa ya tsayar da fim, ya matso da fuskarsa.

"Ku dubi takalmin maraya, don Allah. Wanga takalmi ya fi keken ɗinkina kuɗɗi."

Aka duba, haka ne. Agogo na ƙyalli a hannu, askin na ranar ne, gemu an daidaita shi da reza. Mai gyaran salula ya ce shi hannun ne ya dame shi, don tun da aka fara fim hannun maraya na dama bai bar ƙirjinsa ba. Zai gai da kawu, hannu a ƙirji. Zai tambayi kuɗin mota zuwa birni, hannu a ƙirji, ido a lumshe, kai na rangaji. Aka zo aka gaya masa ƙanwarsa na kwance asibiti, sai ya juyo ya kalle mu, mu da ke zaune a Yamai, ya ɗaga gira. Kana gani ka san jira yake a saki kiɗa. Da aka saki kiɗan kuwa sai ga mutum ya dawo hayyacinsa, jiki ya saki, murya ta fito garau. Kafin waƙar ta ƙare ya canza shadda huɗu, shi da aka kora da leda ɗaya.

Inna mai dambu tana gefe tana haɗa kwanoninta, ita ba a taɓa mata shi.

"Ku bar mini ɗana. Ku da kuka iya, wa ya hana ku? Muryarsa kaɗai ta biya kuɗin kallo."

"Inna, ba muryar muke kushewa ba," in ji tela. "Kukan ne. Kin ga hawaye ko ɗigo ɗaya?"

"Namiji ne, a ciki yake kukansa."

Ni ina bayan tela a kan kukan, ina bayan Inna a kan muryar. Sai dai akwai abin da ya kamata mu faɗa wa junanmu tun da muna zaune: mu muka jawo yaron nan gaban kyamara, da hannunmu da aljihunmu.

Fim ɗin Hausa da waƙa a cikinsa ya tashi. Dattawan unguwa da suka yi zamanin silima a Vox da Zabarkan suna ba da labarin yadda suka yi shekaru suna yaba zaƙin muryar Amitabh Bachchan, sai daga baya suka ji ashe da yawa cikin waƙoƙin Kishore Kumar ne ke rerawa, matan kuma Lata Mangeshkar ke ara musu murya. Da Kano ta fara nata, daga Turmin Danya a 1990 har Sangaya ya zo a 1999 ya nuna wa ƴan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset, tsarin Indiya aka ɗauko. Jarumi ya motsa baki a cikin lambu, mai waƙa yana can ɗan ƙaramin situdiyo, ba wanda ya san kamarsa. Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Mudassir Ƙasim, Maryam Sangandali, Yakubu Muhammad, su muka yi ta saurare shekara da shekaru, yabon kuma muna kai wa Ali Nuhu da Fati Muhammad da marigayi Ahmad S. Nuhu. Har gobe akwai mai yi maka rantsuwa a tasha cewa marigayi Ibro da bakinsa ya yi dukan waƙoƙinsa, alhali da yawansu Sadi Sidi Sharifai ne ya rera da irin muryarsa. Tamu ma tana ciki: Fati Nijar, Binta Labaran ɗiyar Maraɗi, ta tafi Kano ta yi ta zuba murya a finafinai, ƴan mata nawa suka yi suna suna rawa a kan muryarta.

Yanzu ku tuna abin da muke yi in an kawo gala. An yi shela a rediyo, ƴan Dandalin Soyayya, wato ƴan fim ɗin Kano, sun sauka gari. Mun yi wanka, mun sa na ƙasan akwati, mun cika wuri. Jarumi ya hau dandamali, an saki waƙar wani a lasifika, shi yana riƙe da makirfo yana motsa baki. Mata su tashi da jika-jika suna manna masa a goshi, maza su cusa masa a aljihu, masu hoto na ture juna. Wanda ya kwana yana tsara baitocin kuwa, tun bara aka biya shi ladan aikinsa sau ɗaya aka sallame shi. Ka ce kai ne shi, ka buɗe salularka ka ga wannan. Me za ka yi? Bahaushe ya ce gani ya kori ji, mawaƙan sun ga yadda muke aiki da maganar.

Sai kuma kasuwar kaset da faifai ta mutu. Mu nan mun san yadda ta mutu, don a gabanmu aka yi. Ka miƙa wa mai turi kart ɗinka da dala ashirin, ya cika maka shi da waƙoƙi da finafinai, ko tamma ba ta komawa wurin wanda ya yi wahalar. Abin da ya rage wa mawaƙi shi ne biki, da gala, da talla, da waƙar siyasa, da YouTube. Duk cikinsu ba wanda ba ya neman fuska. Mai biki ba zai ɗauko mawaƙi daga Kano da kuɗi masu nauyi ba, a ce ya shigo wurin taro ƙawayen amarya ba su gane shi ba.

Adam A. Zango da Sani Danja sun daɗe suna haɗa rawa da waƙa da fitowa a fim, su tun fari haka muka san su. Wanda ya sa sauran mawaƙa suka miƙe zaune shi ne Umar M. Shareef. A 2017 Ali Nuhu ya ɗauko shi, mawaƙin da ba gidan da ba a san muryarsa ba, ya haɗa shi da sabuwar fuska Maryam Yahaya, ya ɗora masa fim sukutum, Mansoor. Fim ɗin ya karɓu, ƴan matan layinmu sun kalle shi har sun haddace zantukan ciki, daga nan wasu suka biyo baya irin su Mariya da Hafeez. Garzali Miko ya shigo da tasa rawar. Lilin Baba ya yi Wuff tare da Ummi Rahab, da suka yi aure a 2022 kuwa, matan unguwa suka ɗauki bikin tamkar na gidansu. Har da mai cewa, "Ni tun a fim na gani, irin kallon nan ba na wasa ba ne." Ba ta taɓa taka Kano ba, amma ta san ranar kamu da ranar kai amarya.

Gardamar da ta fi daɗewa a fadarmu ita ce ta Naziru Sarkin Waƙa. Da Aminu Saira ya fara Labarina a 2020, sai ga Naziru ya fito a ciki, mawaƙi, da sunansa, da irin shigarsa, da ƙasaitarsa. Aka raba gari biyu. Wasu suka ce ya iya wasa, wasu suka ce ina wasan yake, ai zuwa kawai ya yi aka ɗauka. Wani direban tasha da ke yin layin Dogon Dutsi, mutum ne mai ƙarancin magana, shi ya kashe bakin zancen.

"Duk cikinsu shi ya fi wayo. Ya fito a abin da ya sani, ba wanda zai ce ya yi kuskure."

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Akwai mutunci a mutum ya san iyakar abin da ya iya. Akwai kuma wata hanyar, wadda ta fi wuya, ita Yakubu Muhammad ya bi. Ya yi shekaru yana bayan labule yana rera wa wasu, da ya fito kuma ya zauna ya koyi aikin, har ya kai Genevieve Nnaji ta sa shi a Lionheart a 2018. Yaran yanzu da yawa ba su ma san mawaƙi ba ne, ɗan wasa suka sani. Ni a wurina babu yabon da ya wuce wannan.

Abin ba a kanmu farau ba. Ummu Kulsum ta Masar ta fito a finafinai shida, ta tattara ta koma wa waƙarta. Elvis Presley na Amurka ya yi talatin da ɗaya, mutanensa kuma waƙoƙin suka riƙe suka bar yawancin finafinan. Duk inda aka sami murya mai jama'a, sai mai fim ya zo da kuɗinsa.

Abin da nake so mawaƙanmu su ji shi ne wasan kwaikwayo sana'a ce mai zaman kanta, tana da ladubbanta. Mawaƙi ya saba kowa ya yi shiru shi ya yi magana, ido duka a kansa. Ɗan wasa kuwa rabin aikinsa saurare ne. Abokin wasansa na magana, shi yana ji, maganar na shigarsa, kana ganinta a fuskarsa kafin ya buɗe baki. Ku dubi Rabi'u Rikadawa in yana Baba Ɗan Audu, ko shiru ya yi yana muzurai sai ka yi dariya, don ka san wata ƙulla-ƙulla yake yi a ransa. Ku tuna su Yazi Dogo da ƙungiyarsa a Télé Sahel, ba kiɗa ba canza shadda, amma gida duka ya taru gaban tele, tsoho da yaro na riƙe ciki. Mawaƙin da bai koyi wannan ba, in abokin wasansa na magana sai ka gan shi tsaye yana jiran layinsa ya zo, kamar ba da shi ake ba. Tela ya faɗe ta da harshen sana'arsa: iya surfani daban, iya yanka daban, yaron da ya ƙware a wuyan riga in ka ba shi almakashi ba tare da koyo ba, shaddar mutane za ka biya.

Takalmin maraya kuwa, na yi ta tunaninsa. Mai ba da umarni ya san maraya ba ya sa irin wannan takalmi, mawaƙin ma ya sani. Tsoronmu ne ya hana shi cirewa. Ya fito da silifas da yagaggiyar riga, gobe wani ya yanko hoton ya watsa a Facebook da TikTok, ya rubuta a ƙasa wai wane ya karye, a taya shi da addu'a. Kafin azahar labari ya iso Wadata, kafin la'asar an ƙara masa cewa gidansa ma an sayar. Mu ne masu turawa, mu ne masu cewa "Allah sarki duniya." Mutumin da abincinsa ke rataye da a ce yana da shi, ina zai yarda a gan shi ba shi da shi, ko da a wasa ne?

Mu fa ba mu iya son tauraro kaɗan ba. Ku tambayi teloli, gab da Sallah ba mai zuwa da zane a takarda, kowa salula zai miƙo, "Maigida, irin wannan na jikin wane nake so, har aljihun." Masu aski haka. Ƴan kabu-kabu sun manna hotuna a tanki, kowane babur da gwaninsa. Saurayin da aka haifa a nan, uwarsa ƴar Filinge, ubansa ɗan Tawa, in ya je zance sai bakinsa ya koma na Kano, da su "masoyiyata" da lumshe ido irin na maraya. Maƙwabtanmu Zabarmawa da yawa a bakin ƴan fim Hausarsu ta nuna. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023, kaya suka tsaya, wuta ta yi ƙaranci, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, sabuwar waƙa ba ta taɓa makara ba. Ana caja salula da hasken rana, ana kallon fitowar mako. In kuwa taurari biyu suka saɓa a can, nan ma sai an ja daga. Na san mata biyu, katanga ɗaya ta raba su, sun yi kwanaki ba sa aron maggi a wurin juna saboda faɗan mutanen da ba su san akwai su ba. Sai da taurarin suka shirya aka ga hotonsu tare, sannan ƙwaryar aro ta koma tsallake katanga.

Wannan duka raha ne, ana yi ana dariya. Inda abin ke ba ni tsoro shi ne ba mu raba mutum da matsayin da ya fito. Inna har yanzu ba ta yafe wa kawun nan na fim ba, duk inda ta ga fuskarsa a wani fim sai ta ce, "Ga azzalumin nan mai cin dukiyar marayu." Muna dariya, amma wannan ɗabi'a ta taɓa cin mutum a garin nan. Zalika Souley, ɗaya daga matan farko da suka yi sana'ar fim a Afirka, ta fito a Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan a 1966, ta fito a finafinan Umaru Ganda, har da Le Wazzou polygame wanda ya ciyo babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa mace mai kishi ko mai zaman kanta ake sa ta ta fito, ta kuma yi shi da kyau. Mutanen gari suka ɗauka halinta ne, ta sha zagi da nuni da baki. Da silimar Nijar ta durƙushe ta shiga ƙunci, Rahmatou Keïta ta nuna halin da take ciki a fim ɗinta Al'lèèssi, har ta kai Zalika ta tafi Amurka aikatau. Ta rasu a 2021. Duk ɗan wasan da ya san irin wannan labari zai yi tunani sau biyu kafin ya yarda ya fito a mugu. Mawaƙi kuwa, da yake jama'a ne jarinsa, ba zai ma fara ba. Shi ya sa kullum shi ne na kirki, shi ne wanda aka zalunta, shi ne mai haƙuri, shi ne kuma wanda yarinya za ta zaɓa a ƙarshe. Tun fim bai yi nisa ba yaran fada sun faɗi yadda zai ƙare.

Sai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Namu na gida ba mu cika ganinsu ba sai wani ya nuna mana su daga waje. Fati Nijar sai da Kano ta ɗaga ta muka fara cewa ai tamu ce. Rakiya Musa haka, sai da muka gan ta a bidiyon mawaƙan Najeriya. Na tambayi ƴan fada ko sun san akwai mawaƙin Nijar da ya ja fim tun daga farko har ƙarshe, aka kalle shi a Turai da Amurka. Aka yi shiru, tela ya ce ko wasa nake.

Mdou Moctar ne, Ba'abzine ɗan jihar Tawa mai kaɗa jita da hagu. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta kart ɗin salula ya bazu a Sahel, irin turin da muke yi a nan. A 2015 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya fitar da fim da shi a Agadas da harshen Tamashek, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na Prince na 1984. Saurayi ne mai jita ya shigo gari a kan babur, ubansa ba ya son kiɗa, ga abokan hamayya, ga yarinya, ga gasa a ƙarshe. Mdou bai yi makarantar wasa ba, ana kuma gani. Amma labarin kusan nasa ne, don shi ma gidansu ba a so ya yi kiɗa ba, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. In uban na yi masa faɗa a fim, ba ya buƙatar a koya masa yadda ake sunkuyar da kai.

Ga cibiyar al'adu ta CCOG nan kusa da mu, da ƙafa ake zuwa, sunan Umaru Ganda ne a jikinta, mutumin da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan kafin Jean Rouch ya sa shi a Moi, un noir, ya dawo gida ya zama mai shirya fim. Muna wucewa ta gabanta kullum za mu kasuwa. Muna da Tal National, muna da Mamar Kassey, muna da Sogha, muna da yara masu waƙar Hausa da Zabarmanci a kowace unguwa, wasunsu in aka ba su labarin da ya dace da su, aka zaunar da su aka koya musu saurare, za su ba da mamaki. Ina so in ga ranar da za mu haɗa kai a kan salula muna gardamar takalmin wani ɗan Yamai, a fim ɗin da aka ɗauka a tashar Wadata, da hayaniyarta da ƙurarta da masu kiran Dosso da Konni.

Da na gama wannan bayani, tela ya zaro kart daga salularsa ya miƙa wa yaronsa, ya ce ya kai wa mai turi ya sa masa fim ɗin Agadas ɗin, in da hali ya haɗa da Cabascabo na Umaru Ganda. Yaro ya je ya dawo. Mai turi ya ce yana da Labarina daga farko har inda aka tsaya, yana da Izzar So, yana da na Indiya fassarar Hausa fiye da yadda kart zai ɗauka, amma waɗannan biyun tun da ya kafa rumfa ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ce a rubuto masa sunayen a takarda, zai nema.